Ta Biyar

Ƙarfe huɗu na asuba muka bar Albert Town,
raɓa na kwance a kan kunyoyin doya,
motar makaranta tana tari a kowane hawa.
Malama Pryce ta juyo daga kujerar gaba
tana watso tambayoyi kamar tsaba,
muna tsinta da idon barci.

Mu biyar ne, teburin Kingston kuwa na mutum huɗu.
Odane, Kemoy, Shanoya, Tajay.
Ni ce safayar taya,
a ɗaure a baya, a sha ƙurar hanya,
a tuna da ni in wata ta fashe.
Ba wadda ta fashe.
Duk da haka kakata ta kwana tana gugar rigata
har karin ya isa yanka burodi.

Ɗakin ɗaukar shiri sanyi kamar cikin firij,
fitilu kuwa rana goma a rataye.
Wani mai waya a kunne ya koya mana tafi:
in ya ɗaga hannu a fara, in ya sauke a yi tsit.
Can gefe ga 'yan birni cikin kwat,
makarantar da kofunanta sun fi tagoginmu yawa.
Aka ba ni layi na uku, cikin duhu.

Lissafi namu, tarihi nasu.
Shanoya ta ƙwace taswira daga bakin kura.
Talatin da ɗaya, talatin da ɗaya,
agogo na cin sauran daƙiƙunsa.
Sai mai tambaya ya gyara tabarau:
a ina ƙashi mafi ƙanƙanta yake a jikin mutum?

Na san shi.
Na san shafin, na san tabon shayin da ke kusurwarsa,
daren da aka ɗauke wuta
na karanta shi da hasken waya, kakata na minshari.
Hannun Odane ya riga kansa isa ƙararrawa.
Daƙiƙa biyar.
Idonsa ya tsallake kyamara, ya ratsa fitilu,
ya laluba duhu har ya same ni.

Hannuna ya tashi, ban aike shi ba,
ya kama hanyar ɗan kunnena.
Sosawa ɗaya, wa zai ce wani abu?
Kowa na da ƙaiƙayi.
Malama Pryce na gefena, ba ta ko waiwayo ba,
numfashinta kawai na ji ya tsaya.
Na kamo hannun a rabin hanya,
na cusa shi ƙarƙashin cinya, na zauna a kansa.

Yatsan ƙafa, in ji Odane.

Mai waya a kunne ya ɗaga hannu, muka tafa.

A hanyar gida ba mai jefo tambaya.
Sai wajen Christiana, goshinsa a jikin gilashi,
ya ce, kin sani ko?
Na ce na sani.
Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini rabin lemonsa.

Daren Talata aka nuna shirin.
Unguwa ta cika shagon Mas Lenky,
wasu kan akwatin kwalabe, wasu ta taga,
kakata a gaba da hularta ta coci.
Minti talatin tana nemana.
Can kusa da ƙarshe kyamara ta share 'yan kallo,
ta ɗebo kafaɗar Malama, da wani yanki nawa.
Kakata ta miƙe har hular ta faɗi:
ga kunnen Tashoy! Wallahi kunnenta ne!
Shago ya ɗauki tafi, ba wanda ya ɗaga musu hannu.

Har yau tana faɗa a kasuwa
wai jikarta ta fito a talabijin.
Ban taɓa gyara mata ba.
Badi Tajay zai gama, kujera ɗaya za ta saura.
Littafin na nan ƙarƙashin matashi,
na kai shafi na casa'in, ƙasusuwan hannu.